Riyal Bakwai na Malam Habu

Tun da kuka ga hoton nan a waya hankalinku bai kwanta ba. Ranar Juma'ar da ta wuce, muna zaune a ɗakin da muke haɗuwa a Al-Nasim bayan an sauko daga masallaci, mutum uku a cikinku suka miƙo mini waya, kowa yana nuna mini ƙwandala guda da aka sayar a gwanjo a kan kuɗin sabuwar mota. Ɗayanku har cewa ya yi, "Kawu Isuhu, ashe a kan arziki kake zaune, ka bar mu muna dakon bulo a rana?" Kuka yi dariya, kuka ce wannan ai ba aiki ba ne, mutum yana cikin sanyin na'ura yana kallon tsofaffin sulalla. Na ce muku a bari sai an ci abinci, shinkafa ta iso, magana ta bi ruwa. To ga amsar a rubuce, wanda ya iya karatu ya karanta wa sauran.

Shekara ashirin da shida ke nan ina aiki a shagon tsofaffin kuɗi a tsohuwar kasuwar cikin Riyad. Shagon ba nawa ba ne, ba kuma zai taɓa zama nawa ba. Motar da kuke hange ban taɓa riƙe makullinta ba. Abin da na samu a sana'ar nan shi ne ido, shi ma yanzu ya fara gajiya.

Ni ɗan maƙeran fari ne daga Damagaram. Na tashi na tarar ana kawo wa mahaifina liyari, tsohuwar ƙwandalar nan ta azurfa mai hoton kan mace, ya narkar ya fitar da warwaro da zobe. Allah kaɗai ya san abin da muka narkar a zauren nan ba mu san darajarsa ba. Aikina na farko a duniya wanki ne: lemun tsami, toka mai laushi, da tsumma. A gidanmu azurfar da ta yi baƙi abin kunya ce, sai a ce mai ita ƙazama ce. Duk Bahaushen da na sani haka ya ɗauki abin, kuma da wannan tunanin na sauka a ƙasar nan.

Shara da dafa shayi aka ɗauke ni yi a shagon. Mai kula da shi a lokacin wani dattijo ne mutumin Yaman, Ammu Salim, gajere, mai tsadar dariya. A sati na biyu ya shiga alwala, na ga wata ƙwandala a kan tebur ta yi duhu. Hannuna da kansa ya ɗauke ta, na kamo gefen rigata zan goge, a zatona gwaninta zan yi. Ban kai ga gogewa ba na ji an damƙe mini wuyan hannu. Bai yi tsawa ba. Ya zare ta daga hannuna da yatsu biyu, ta gefe, ya mayar kan ƙyalle, sannan ya ce saura kaɗan in share aikin shekara tamanin da gefen riga.

Washegari ya ajiye mini guda biyu iri ɗaya, ɗaya tana walƙiya, ɗaya ta yi duhu-duhu, ya ce in zaɓi wadda ta fi. Ɗan maƙera aka tambaya, ai ko tunani ban yi ba na nuna mai walƙiya. Ya miƙo mini ɗan gilashin nan na ido ɗaya mai ƙara girma, wanda Larabawa ke ce wa adasa, ya ce in sake dubawa. Sai ga fuskar mai walƙiyar duk ƙananan karce, layi-layi, kamar ƙasan tukunyar da aka kankare. Mai duhun kuwa sumul take, ko ƙwarzane babu. Ya ce ta farkon nauyin azurfarta kawai za a biya, ta biyun kuma mutane za su yi rububinta. Daga ranar ya kafa mini doka: in duba duk abin da nake so, amma hannuna a bayana. Wata takwas na yi a haka. Ku da kuke cewa a koya muku a sati biyu, ku fara da wannan.

Kayan aikin ba su da yawa, aljihu ɗaya ya ɗebe su. Adasa, ƙaramin ma'auni mai nuna abin da bai kai nauyin ƙwayar gero ba, maganaɗisu, ƙyallen karammiski da ake ajiye ƙwandala a kai, sai fitila guda. Fitilar ɗaya tak ake so, domin haske mai yawa ɓoye aibi yake yi. Ƙwandala ba a kama ta ta fuska, sai ta gefe, don gumin yatsa yana cin azurfa, shekara biyu sai ka ga zanen yatsanka ya fito ba mai iya cire shi. Ba a magana a kanta, saboda yawu. Na taɓa ganin Ammu Salim ya sallami wani babban mai saye don ya yi atishawa a kan tebur.

Aikin farko da ya sakar mini shi ne wasu riyal goma sha biyu da wani ya kawo a safa. Na auna, na kara maganaɗisu, na ɗora kowace a kan yatsa na ƙwanƙwasa na saurari ƙararta, don azurfar gaske ƙararta tana da tsawo, jabu kuwa tana mutuwa nan take. Na ware uku na ce jabu ne, ina jin kaina. Ya ce huɗu ne. Ta huɗun nauyinta daidai, ƙararta daidai, amma wani ɗigo a rubutun ya fi kauri da ɗan abin da ido ba ya gani sai an nuna masa. Na yini ina kallon ɗigon nan kafin in gan shi.

Gane jabu ma shi ne mai sauƙin. Wahalar tana wajen daraja. Masu wannan harka a duniya sun yi wa sulalla mataki daga ɗaya zuwa saba'in. Wadda ta sha hannu har rubutu ya shafe tana ƙasa. Daga sittin zuwa sama kuwa ita ce wadda ba ta taɓa shiga kasuwa ba, tana nan da hasken da ta fito da shi daga inda aka buga ta. Wannan hasken ba walƙiyar wanki ba ce. Idan ka juya ƙwandalar a hankali a ƙarƙashin fitila, za ka ga yana zagaya fuskarta kamar wayoyin ƙafar keke. Sau ɗaya ake samunsa, in ya tafi ya tafi. Mu a shago hasashe kawai muke yi. Hukuncin yana wajen wasu kamfanoni a ƙasashen waje da ake aika musu, su duba, su rufe ta a cikin ƙaramin akwatin roba da lamba a jiki. Tsakanin sittin da uku da sittin da biyar ƙwarzane biyu ne kawai, amma a gwanjo tazarar sai ta ba ka tsoro. Wadda aka wanke kuwa ba a ba ta lamba sam. Sai dai su rubuta cewa an wanke, su dawo maka da abinka.

Sai kuma launi, wanda shi ne ya fi rikita irinmu. Azurfa idan ta daɗe a naɗe cikin tsohuwar takarda ko akwatin katako, iska tana rina ta sannu a hankali. Wata ta yi ruwan zuma a gefe, wata ta yi ja-ja, wata ta yi shuɗi mai ɗaukar ido irin na rawanin da ya sha baba da bugu. Abin da tsohuwata za ta kira dauɗa, shi manyan masu tarawa suke ninka kuɗi a kansa, domin shi ne shaidar cewa ba wanda ya taɓa ta. Da mayaudara suka gane haka sai suka fara rinin gaggawa. Wani ya taɓa kawo mini guda biyar masu launi kamar bakan gizo, yana rantsuwa na kakansa ne. Na kai hanci kusa, na ce masa kakan nasa da dafaffen ƙwai ya ajiye su? Domin haka ake yi, a rufe ƙwandala da ƙwai a gwangwani kwana biyu. Ya tattara kayansa bai ko yi sallama ba.

Masu zuwa shagon iri-iri ne. Akwai attajiran da ba ka ganinsu, sai direba ya zo da takarda. Akwai wani likita ɗan Najeriya da ke zuwa duk ƙarshen wata neman anini da kwabo mai huji, ba don daraja ba, sai don ya nuna wa 'ya'yansa da Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsu. Amma mafi yawa masu gado ne. Uba ya kwashe shekara arba'in yana tarawa, 'ya'ya su juye a leda su kawo kafin a yi arba'in ɗinsa. Wannan sana'a rabin kayanta daga gidan makoki suke fitowa, shi ya sa ba ta da daɗi kamar yadda kuke zato.

Shekarar annoba ita ce ta ɓata mu. Aka rufe kasuwa wata da watanni, Ammu Salim ya kwanta bai tashi ba, ko jana'izarsa ban samu ba. Da aka buɗe sai masu sayarwa suka yi yawa, masu saye suka ɓace. Mai shagon ya tsufa, ya ɗora ɗansa a kan kujera, shi kuma ya zo da tsarinsa: duk abin da aka kawo, a fara da aibinsa, kada fuska ta nuna sha'awa. Kushe dai irin na kasuwa, wanda kowa ya sani tun daga kasuwar awaki. Ammu Salim bai taɓa yin haka ba, shi in abu mai kyau ne zai ce mai kyau ne, sannan a yi ciniki. Ni kuwa ina tsoron a sallame ni a wannan shekarun nawa, na bi. Tun ina yi da nauyin baki har ya zame mini jiki, kafin in gama duba abu bakina ya riga ya samo masa laifi.

A haka Malam Habu ya same ni bara. Mutumin wani ƙauye ne kusa da Maraɗi, ya girme ni da kusan shekara goma. Shekara talatin ya yi yana gadi da ban ruwan shuke-shuke a wani gida a Al-Nasiriya. Abin da ya samu duk ya tafi gida, a ciyarwa da aurar da 'ya'ya da maganin marasa lafiya, bai ajiye ko bulo ɗaya ba. Da maigidan nasa ya rasu, matarsa ta kira shi ta ba shi wani ɗan akwatin katako, ta ce marigayin ya yi wasiyya a ba Habu. 'Ya'yan sun sa gidan a kasuwa, sun ce masa ya zaɓa: ko su yi masa takardar fita ta ƙarshe ya koma gida, ko ya nemi wani kafili, wato ubangidan da zai tsaya masa, ya mayar da iƙamarsa, takardar izinin zama, can. Gwiwoyinsa sun riga sun tafi. Abin da yake so shi ne ya koma, ya gina ɗaki biyu, ya sayi injin ban ruwa ya kafa a fadama, don kada ya zauna yana jiran abin da 'ya'ya za su miƙo. Komai ya rataya a kan abin da ke cikin akwatin nan.

Ranar Litinin da hantsi ya zo. Ya buɗe akwatin a kan teburina, ga ƙwandala bakwai, kowace a naɗe cikin takardar da ta yi ruwan ƙasa don tsufa. Na warware ta farko na kai ta ƙarƙashin fitila. Manyan riyal ne na azurfa na farkon kafa ƙasar nan, tun kafin a rage musu girma, kuma ba su taɓa shiga hannun mai sayen dabino ba. Hasken yana juyawa cif. Gefen ruwan zuma, tsakiya shuɗi. Duk bakwai ɗin haka, kamar uwa ɗaya ta haife su. A shekara ashirin da shida sau biyu na taɓa ganin irinsu, su ma ɗai-ɗai.

Ɗan mai shagon yana zaune a gefe yana latsa waya. Na san in ya ga fuskata ta canza zai taso ya saye su a kan nauyin azurfa da ɗan ƙari, Malam Habu kuma zai yi godiya ya tafi. Niyyata ita ce in jira ranar Alhamis, ranar da tsohon mai shagon da kansa yake leƙowa, in roƙe shi a aika su waje a yi musu lamba, a sa su a gwanjo da sunan Malam Habu, shago ya ɗauki ladansa kawai. Allah shaida ne wannan ce niyyata. Sai na ɗaure fuska. Malam Habu ya leƙo fuskata ya ce, "Maƙeri, yaya ka gani? Za su yi wani abu?"

Na ce, "Ba laifi, Malam. Sai dai sun yi baƙi. Koma da su ka dawo ranar Alhamis."

Da Hausa muke magana. Yaron nan ko sannu ba ya ji. Babu abin da ya hana ni in ce masa kada ya bari ko iska ta taɓa su. Fuskata kawai nake bukatar ɗaurewa, amma bakina ya saba, ya yi aikinsa shi kaɗai. Kuma daga Litinin zuwa Alhamis ina da lambar wayarsa, ban kira ba, ina ta shirya maganar da zan yi wa tsoho. Ni da na tashi da tsumma da toka a hannu, ni ne na manta abin da Bahaushe zai yi idan an ce masa azurfarsa ta yi baƙi.

Ranar Alhamis ya shigo cikin farar riga, fuskarsa a sake. Tun kafin ya buɗe akwatin na ji ƙamshin lemun tsami. Ya jera su a kan ƙyalle suna ƙyalli kamar sababbin cokula. Yatsunsa duk sun tsattsage. Ya ce yini biyu ya yi a kansu, da lemu da tokar gawayi da tsohon buroshin haƙori, don bai kamata ya kawo wa manya kaya da dauɗa ba, ya ja mini kunya a wurin aikina. Guda shida ke nan. Sai ya zaro ta bakwai a takardarta, yana murmushi.

Ya ce, "Wannan na bar ta ne don ka ga bambanci. Ga ragowar lemun a aljihuna, yanzu sai in wanke ta."

Ban san lokacin da na damƙe masa wuyan hannu ba. Ya dube ni da mamaki, na zare ta da yatsu biyu na ajiye. Na ce ya bar ta haka.

Tsoho ya yarda, aka aika su duka. Malam Habu ya roƙi 'ya'yan marigayin suka ƙara masa lokaci. Bayan wata uku suka dawo. Shida babu lamba, an rubuta an wanke. Ta bakwai sittin da biyar. A gwanjo mutum huɗu suka yi ta ɗaga hannu a kanta, ita kaɗai ta ninka shidan a haɗe ninkin ba ninkin. Duk da haka abin da ya tashi gaba ɗaya zai yi kuɗin jirgi da tsaraba da wataƙila ɗaki ɗaya. Injin ban ruwa da zaman hutu kuwa babu su a ciki.

Malam Habu bai yi boko ba, amma ba wawa ba ne. Da na yi masa bayani a bakin shago, ya tambaye ni me ya sa mai dauɗar ta fi. Na yi tunanin in ce sa'a ce, na ga ƙaryar da na yi masa ta isa. Na gaya masa komai, har da cewa da duk bakwai ɗin sun tafi yadda ya kawo su ranar Litinin, da ya gina ɗakunansa ya sayi injinsa har ya yi saura. Ya daɗe yana kallon yatsunsa.

Ya ce, "Ai kai ka ce sun yi baƙi, Maƙeri."

Babu faɗa a muryarsa. Na ce ni na faɗa. Ya ce Allah ya sa haka shi ya fi alheri, ya dafa bango ya miƙe, ya tafi neman mota. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma har yau ba ta sake ni ba.

Bai koma gida ba. Ya aika kuɗin aka ɗora ɗaki ɗaya, ya samu wani kafili, yanzu yana gadin wani gini da ba a gama ba, yana wanke motocin injiniyoyi da gwiwar da ba ta lanƙwasuwa. Ya ce shekara uku zai ƙara in Allah ya ara masa rai. Ni kuma tun daga ranar, duk wanda ya shigo da abu a naɗe, kafin in amsa sallamarsa nake cewa kada ya wanke. Ɗan mai shago ya yi ƙorafi har ya gaji.

Wanda yake son koyo a cikinku bayan ya ji wannan, ya zo ranar Asabar. Zai yi wata takwas hannu a baya, ni kuma zan ƙara masa da abin da Ammu Salim bai ga bukatar koya mini ba, wato ya san abin da zai fito daga bakinsa a gaban mai kaya.

Kun san Malam Habu. Shi ne dattijon da ke zama a bakin ƙofa ranar Juma'a yana miƙe ƙafa ɗaya, wanda kuke tsallakewa in za ku ɗauko ruwa. Yana nan zaune lokacin da kuke miƙo mini waya kuna dariya, shi ya sa na yi shiru, ba don shinkafa ba. Na nemi izininsa kafin in rubuta wannan. Ya ce in rubuta, amma in tabbata na gaya muku cewa shi dai bai yi ha'inci a wankin ba, sun fita tas.